Laifin Jamshid: Sarkin da Kowane Zamani Ya Sauya Masa Tuhuma

Baƙon da ya sauka a Shiraz, can kudancin Iran, ya ce wa direba ya kai shi Farsifolis, kangon fadar tsoffin sarakunan Farisa, za a gane inda yake nufi. Amma mutanen wurin ba haka suke kiran kangon ba. Takhti Jamshid suke cewa, wato Karagar Jamshid. Tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka daga gari, kuma abin da mutum zai tarar shi ne dakali makeke na dutse, da ginshiƙai masu tsayi da suka rasa rufinsu. Dariyus na Farko ne ya aza harsashin wurin wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Iskandar na Makidoniya kuma ya cinna masa wuta a shekara ta 330 kafin haihuwar. Sunayen masu ginin suna nan a sassaƙe jikin duwatsun, sai dai an shafe ƙarnuka babu mai iya karanta rubutun, har 1802 da wani Bajamushe mai suna Grotefend ya fara warware shi. A tsawon wannan lokaci Farisawa sun manta da Dariyus, wanda ya rayu ya bar rubutu. Jamshid kuwa, sarkin tsoffin labaransu wanda babu dutse ko tsabar kuɗi ko ɗaya da ke shaidar ya taɓa taka ƙasa, shi suka riƙe, har suka ba shi gidan wani.

Abin da ya sa nake son a zauna a kan wannan sarki shi ne wata tambaya da ta bi shi tun daga mafi tsufan nassosin addinin Zaradusht, annabin tsohon addinin Iraniyawa, har zuwa waƙoƙin Farisawa Musulmi: wane laifi ya yi? Kowa ya yarda ya faɗi daga mulki, kuma faɗuwar ta yi muni. Amma tuhumar ba ɗaya ba ce. Kowane zamani da irin wadda ya rubuta masa, kuma in aka jera su sai mutum ya ga kamar abin da zamanin ke tsoro ne ake ɗora wa Jamshid.

Kafin nan, wata 'yar magana a kan sunan addinin. Mu Majusawa muka san mabiyansa da shi, kalmar da ta zo sau ɗaya a Alƙur'ani cikin Suratul Hajji, aya ta 17. Kuma masana da yawa suna ganin daga wannan Majus ɗin ne aka samo sunan Maguzawa a ƙasar Hausa, saboda an karɓi jiziya daga Majusawan Hajar a zamanin Manzon Allah (SAW), sai malamai suka sami gurbin da za su sa Hausawan da ba su musulunta ba. Iyakar dangantakar ke nan, suna ne aka ara. Maguzawa ba su san Ahura Mazda, ubangijin Majusawa, ba, ba su kuma da gidan wuta irin wanda Majusawa ke ibada a ciki.

A harshen Awesta, littafin ibadar Majusawa, sunan sarkin Yima Kshaeta. Yima na nufin ɗan tagwaye, Kshaeta kuma mai haske, kalmar da har yau take ƙarshen Khurshid, sunan rana da Farisanci. Da harshe ya lanƙwashe shekara da shekaru sai Yima ya koma Jam, Kshaeta ya koma Shid. Sunan mahaifinsa Wiwahwant. A nan ne abin ya fara ba da mamaki, domin a Rigweda, tsohon littafin Hindu, akwai Yama ɗan Wiwaswat, shi ma ɗan tagwaye ne, 'yar uwarsa Yami. Ba aro wani ya yi daga wani ba. Kakannin Iraniyawa da na Indiyawan arewa al'umma ɗaya ce a da, makiyaya masu shanu da dawaki a filayen tsakiyar Asiya, kuma da suka rabu kowa ya tafi da kasonsa na labarin. Wannan na nufin Yima ya girmi Zaradusht kansa, wanda mafi yawan masana ke sa zamaninsa tsakanin 1500 da 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

A Indiya Yama shi ne mutum na farko da ya mutu, ya gano hanyar lahira, ya zama sarkin matattu. Addinin Buddha ya ɗauke shi ya kai shi Sin da Japan, inda yake zaune a matsayin alƙalin lahira. A Iran kuwa sai ya zama sarkin da a zamaninsa ba a mutuwa. Mutum ɗaya, ɗaya ɓangare ya ba shi mutuwa, ɗayan ya ba shi rashinta. Amma duk biyun suna da wani gida na musamman da yake tara mutane a ciki, kuma za mu zo kan wannan gida.

Labarinsa mafi cika a Awesta yana babi na biyu na sashen da ake kira Wendidad. Zaradusht ne ya tambayi Ahura Mazda, ubangijin hikima a wurinsu, wane mutum ya fara yi wa magana kafin shi. Aka ce masa Yima ne, mai kyawawan garkuna. Ahura Mazda ya yi wa Yima tayin ya ɗauki addini ya isar wa mutane, Yima ya ce shi ba a halicce shi don wannan ba, ba a kuma koya masa ba. Abin lura, babu fushi a nassin. Sai aka yi masa tayi na biyu: to ya kula da duniya, ya yalwata ta, ya tsare ta. Wannan ya karɓa, har ya yi alkawarin cewa a mulkinsa babu iska mai sanyi, babu mai zafi, babu cuta, babu mutuwa. Aka ba shi kayan aiki biyu na zinariya. Ɗaya bulala ce ko sandar kora irin ta makiyayi. Ɗayan masu fassara sun sha bamban a kansa, wani ya ce zobe, wani ya ce kibiya, wani ya ce ƙaho ne na busawa.

To amma duniyar da ake haihuwa ba a mutuwa, ina za a sa mutane? Wanda ya tsara labarin bai kauce wa wannan ba, kuma wannan na cikin abin da nake so a tsoffin labarai, ba sa jin kunyar lissafi. Bayan hunturu 300 ƙasa ta cika da mutane da shanu da awaki da karnuka da tsuntsaye da wutace masu ci. Yima ya fita ya fuskanci kudu, hanyar rana, ya taɓa ƙasa da kayan zinariyarsa, ya roƙe ta ta buɗe, ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Bayan hunturu 600 aka sake, bayan 900 aka sake. A wani sashen kuma, Yasna ta 9, an ce a zamaninsa uba da ɗa suna tafe tare kowanne kamar ɗan shekara 15.

Bayan faɗaɗawa ta uku ba a sake faɗaɗawa ba. An yi taro a Airyana Waeja, ƙasar asali ta Iraniyawa, inda Ahura Mazda ya gargaɗi Yima cewa munanan hunturu na tafe, dusar ƙanƙara za ta rufe har ƙolin duwatsu, dabbobin jeji da na kan tudu da na kwari za su halaka. Aka umarce shi ya gina wara, wato killataccen wuri, kowane gefe tsawon filin sukuwa. Yima ya tambayi yadda zai gina, aka ce ya tattake ƙasa da duddugensa ya kwaɓa ta da hannu kamar yadda ake yi wa yumɓu. Ya shigar da irin mafi kyawun maza da mata, da na dabbobi, da na itatuwa masu tsayi da ƙanshi, da na abinci mafi daɗi, biyu-biyu. Unguwa uku ce a ciki, babba mai titi 9 da irin mutum 1000, ta tsakiya mai titi 6 da irin mutum 600, ƙarama mai titi 3 da irin mutum 300. Ba a shigar da mai ƙusumbi, ko kuturu, ko mai ruɓaɓɓen haƙori, ko mai taɓin hankali, domin a ganinsu waɗannan tambarin Ahriman ne, shugaban sharri. Mai karatu na yau dole wannan ya sosa masa rai, kuma ya kamata ya sosa. A cikin warar shekara kamar yini take, kuma duk shekara 40 ma'aurata ke haifar 'ya'ya biyu, mace da namiji.

Duk Bahaushen da ya ji wannan, jirgin Annabi Nuhu (AS) ne zai faɗo masa a rai, kuma kamar tana nan: gargaɗi daga sama, halaka ta gama-gari, tsirar da iri biyu-biyu. Amma a ƙissar Annabi Nuhu mutane ne suka yi laifi aka halaka su. A Wendidad babu laifin kowa, sanyi sharri ne daga ɓangaren Ahriman, tsari ake nema daga gare shi. Mutanen da ke zaune bakin manyan koguna ambaliya suke tsoro. Makiyayin da ya ga garkensa ya sandare cikin dare ɗaya, ƙanƙara yake tsoro. Mafi muhimmanci ga maganarmu, a duk babin ba a ɗora wa Yima zunubi ko ɗaya ba. Bawan kirki ne da aka ba aiki ya yi.

Daga ina laifi ya fito ke nan?

Tuhuma mafi tsufa tana cikin Gatha, waƙoƙi 17 da ake jingina wa Zaradusht da kansa, waɗanda harshensu ya fi na sauran Awesta tsufa da wuya. A Yasna ta 32, baiti na 8, an ambaci Yima ɗan Wiwahwant cikin masu laifi, kuma maganar ta shafi saniya da rabon abin ci. Baitin a dunƙule yake, masu fassara sun yi ta kai ruwa rana a kansa, amma malaman Majusawa na baya sun fahimce shi da cewa Yima ne ya koya wa mutane cin nama. In aka tuna wace irin al'umma ce, tuhumar ba ƙarama ba ce. Saniya ita ce dukiya, ita ce abinci, kuma Gatha cike take da kukan saniya a kan masu zaluntarta da masu kai hari su kore ta. Ga mai wa'azi a cikin makiyaya, babban laifin sarki shi ne ya buɗe ƙofar zubar da jinin garke don ya faranta wa mutane.

Tuhuma ta biyu tana cikin Yasht ta 19, ɗaya daga waƙoƙin yabo na Awesta, kuma ita ce ta fi tasiri, domin ita ta shigo da abin da ake kira khwarna a Awesta, farr da Farisanci. Kalmar Hausa da ta fi kusa da shi ita ce kwarjini, amma kwarjini bai cika ma'anar ba. Namu kwarjinin a jikin mutum yake, ana jin sa ne in an tsaya gabansa. Farr kuwa wani haske ne mai zaman kansa, yana sauka kan mutum, yana tashi, ana ganin tafiyarsa, ana iya bin sa a guje. A wannan Yasht ɗin an ba da labarin Frangrasyan, sarkin Turan, ƙasar abokan gaban Iran, wanda daga baya aka sani da Afrasiyab, ya tuɓe tsirara ya faɗa teku har sau uku yana son kamo farr, kowane karo ya suɓuce masa, ya fito yana zage-zage. Ba a ƙwatarsa da ƙarfi ke nan.

Yima yana da shi cikakke, har ranar da ya shigar da maganar ƙarya cikin zuciyarsa. Nan take farr ya tashi daga gare shi cikin siffar tsuntsu, wanda ake kyautata zaton shaho ne ko danginsa. Sau uku ya tashi. Na farko Mitra ya karɓa, abin bautarsu mai kula da alkawari. Na biyu jarumi Taraetaona ya karɓa, wanda a labaran baya sunansa zai koma Faridun. Na uku jarumi Karsaspa ya karɓa. Yima ya bi duniya cikin baƙin ciki yana ɓuya, kuma nassin ya ambaci wani Spityura da laƙabin wanda ya yanka Yima biyu.

Yasht ɗin ba ta faɗi ko wace ƙarya ce ba. Ga mai tsara ta wataƙila babu buƙata, saboda a addinin Zaradusht ƙarya ba ƙaramin aibi ba ce da ake jerawa tare da gulma da rowa. Duniya gaba ɗaya fagen yaƙi ce tsakanin asha, wato gaskiya da daidaiton tsari, da druj, wato ƙarya da ɓarna. Wanda ya yi ƙarya ya sauya sansani ne. Dariyus ɗin nan da aka ƙwace wa gida, a rubutunsa na dutsen Bisutun, da ya zo bayanin sarakunan da suka yi masa tawaye, cewa ya yi ƙarya ce ta sa su. Herodotus Bagirke ma ya rubuta cewa abu uku Farisawa ke koya wa 'ya'yansu: hawan doki, harbin baka, da faɗin gaskiya.

Amma giɓi irin wannan ba ya zama a buɗe. A zamanin daular Sasaniyawa, wadda Ardashir ya kafa a 224 miladiyya ta kuma ƙare da mutuwar Yazdagird na Uku a 651, addinin ya zama na hukuma, malamansa da ake kira mobad suka zama masu faɗa a ji a fada. Littattafan harshen Fahlawi, wato Farisancin wancan lokaci, da suka adana koyarwar wannan zamani sun cike giɓin: ƙaryar Jam ita ce da'awar cewa shi ya halicci duniya. Kuma ƙin karɓar addinin nan da Wendidad ta wuce ba tare da zargi ba, yanzu ya zama abin tuhuma. Ba abin mamaki ba ne. Daular da ke koyar da cewa addini da mulki tagwaye ne, ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya, maganar da ake jingina wa Ardashir wadda daga baya ta shiga littattafan siyasa na Larabci, ba za ta ji daɗin labarin sarkin da ya ce a ba shi mulki a riƙe addini, kuma ya yi shekaru ɗaruruwa lafiya lau ba. Dole a nuna hakan ya ci shi. A gefe guda ga Wishtaspa, sarkin da ya karɓi Zaradusht hannu biyu, shi ne abin koyi. Ni ina ganin nan ne ainihin matsalar Jamshid. Ya riga annabin addinin zuwa, jama'a na ƙaunarsa fiye da yadda za a iya share shi, zamaninsa kuma ya fi kowane zamani daɗi. In aka bar shi ba laifi, mai tambaya zai tambaya: to me addinin ya ƙara? Sai aka bar masa zamaninsa na zinariya, aka sa masa faɗuwa a ƙarshe. Bundahishn, ɗaya daga littattafan Fahlawi, har lissafi ya yi masa: shekara 616 da wata 6 kafin farr ya bar shi, sannan shekara 100 yana ɓoye.

Jamshid ɗin da mafi yawan Iraniyawa suka sani a yau na Firdausi ne, mawaƙin garin Ɗus na yankin Khurasan da ya kammala Shahnama, wato Littafin Sarakuna, a 1010 miladiyya, baiti wajen 50,000. Firdausi Musulmi ne, yana rubutu fiye da shekara 350 bayan faɗuwar Sasaniyawa, daga tsoffin littattafan sarakuna da suka rage. A wurinsa Jamshid ne sarki na huɗu, bayan Kayumars da Hushang da Tahmuras, kuma ya yi shekara 700 a kan gado. Makiyayin nan mai bulala ya ɓace. Wanda ya maye gurbinsa sarkin birni ne mai ƙirƙira: ya narka ƙarfe ya yi sulke da kwalkwali, ya koya wa mutane kaɗi da saƙa da ɗinki, ya sa aljanu suka buga tubali suka gina fadoji da wuraren wanka, ya haƙo duwatsu masu daraja, ya fito da turare da magani, ya sassaƙa jirgin ruwa. Ya kasa jama'a gida huɗu, masu ibada da mayaƙa da manoma da masu sana'a. Sannan ya sa aka yi masa karaga ta jauhari, aljanu suka ɗaga ta sama, ya zauna a sararin samaniya yana walƙiya kamar rana. Ranar ita ce ɗaya ga watan Farwardin, mutane suka kira ta Nauruz, sabuwar rana. Kuma tun farkon hawansa ya ce shi ne sarki shi ne mobad. Wanda ya ƙi addini a Wendidad, a nan ya haɗa duka biyu a hannunsa.

Laifinsa a Shahnama girman kai ne da butulci. Ya tara manyan ƙasa ya lissafa musu abin da ya yi, cewa ci da sha da barci da suturarsu duk daga gare shi ne, shi ya kawar da cuta da mutuwa, don haka shi za a kira mahaliccin duniya. Mobadai suka sunkuyar da kai, babu wanda ya iya cewa uffan. Farr ya tashi. Musulmin da ke sauraron wannan a Khurasan ba ya buƙatar sharhi, ya san wanda ya tara mutanensa ya ce shi ne ubangijinsu mafi ɗaukaka. Tuhumar ta samo asali daga littattafan Fahlawi, amma a kunnen masu sauraron Firdausi amon Fir'auna take yi.

Ina maganar nama ta tafi? Ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi zuwa gidan abokin gaba. A Shahnama Iblis ne ya yi shigar mai dafa abinci ya je wurin Dahhak, yariman Larabawa ɗan Mardas, a lokacin da abincin mutane yawanci tsirrai ne, ya dinga dafa masa naman tsuntsaye da na rago da na maraƙi. Da Dahhak ya ce ya faɗi ladan da yake so, sai ya roƙi ya sumbaci kafaɗunsa. Macizai biyu baƙaƙe suka tsiro a wurin, in an yanke su sake fitowa, ba sa lafawa sai an ba su ƙwaƙwalwar samari biyu kullum. Wannan Dahhak shi ne Azhi Dahaka na Awesta, maciji mai kai uku da ido shida, wanda aka mayar mutum aka kuma lanƙwasa sunansa ya yi kama da kalmar Larabci mai nufin mai yawan dariya. Mayar da shi Balarabe kuwa, a al'ummar da ke tuna yadda daularta ta faɗi a hannun Larabawa, ba sai an yi dogon bayani ba.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan sashe shi ne ba Dahhak ne ya kawo hari da kansa ba. Manyan Iran ne, da suka gaji da Jamshid, suka tafi suka yi masa mubaya'a suka kawo shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Jamshid ya gudu, ya ɓuya shekara 100, aka kama shi a bakin tekun Sin, aka raba shi biyu da zarto. Dahhak ya yi shekara 1000 yana cin ƙwaƙwalwar 'ya'yan mutane, har ranar da wani maƙeri mai suna Kawa, wanda aka cinye masa 'ya'ya, ya yaga takardar shaidar adalcin sarki a gaban fada, ya ɗaura walkinsa na fata a kan mashi ya zama tuta, jama'a suka bi shi wurin Faridun. Faridun bai kashe Dahhak ba, ɗaure shi ya yi a dutsen Damawand, wanda ake hangowa daga Tehran in gari ya washe. Faridun ɗin nan kuma shi ne wanda ya karɓi kason farr na biyu a Yasht ta 19, zaren bai tsinke ba.

Bayan Musulunci ya kafu a Farisa, Jamshid ya sami wata mafaka da ba a yi zato ba. Sarki mai iko da aljanu, mai karagar da ke tashi sama, wanda mulki ya taɓa suɓuce masa, ai jama'a ba su sha wuyar cewa Annabi Sulaiman (AS) ne ba. Malamin tarihi Dinawari ya kawo a littafinsa cewa marubucin nan Bafarise Ibnul Muƙaffa ya ƙaryata wannan, ya ce jahilan Farisawa ne ke faɗin haka, tsakanin mutanen biyu akwai fiye da shekara 3000. Raddin bai hana komai ba. Aka riƙa kiran yankin Farisa mulkin Sulaiman, kabarin Sairus, sarkin da ya kafa daular Farisa ta farko, da ke Fasargad ya zama kabarin mahaifiyar Sulaiman, babban gidan wutar sarakunan Sasaniyawa a arewa maso yammacin Iran ya zama Takhti Sulaiman, sunan da yake amsawa har yau. A ganina wannan laƙabi ya yi wa kangayen rana, domin hannu ba ya saurin kaiwa ga abin da aka jingina wa annabi.

Mawaƙa kuma suka ba shi kyautar abin da ba nasa ba. Ƙoƙon nan da ake duba duniya duka a cikinsa, a Shahnama na Kai Khusrau ne. Amma a bakin mawaƙan baya irin su Hafiz ya koma Jami Jam, ƙoƙon Jam, sufaye suka mai da shi misalin zuciyar da ta washe. Yau a Jamhuriyar Musulunci ta Iran akwai jaridar hukumar rediyo da talabijin mai wannan suna. Malamin nan Biruni ma, da ya tattara labaran Nauruz, ya kawo ruwayar cewa Jam ne ya gano zaƙin rake a wannan rana ya sa aka yi sukari, shi ya sa ake kyautar sukari a bikin.

Majusawa kansu ba su taɓa yarda su saki sarkin ba duk da tuhume-tuhumen. Parsi na Indiya, zuriyar waɗanda suka yi ƙaura daga Iran zuwa Gujarat, waɗanda ƙidayar 2011 ta samu 57,264, suna kiran bikin 21 ga Maris Jamshedi Nauruz, suna kuma raɗa wa 'ya'yansu sunansa. Jamshedji Tata, wanda ya kafa kamfanin Tata, ɗansu ne, kuma don shi aka sa wa birnin ƙarfe na Jamshedpur suna a 1919. A cikinsu ba a raɗa wa yaro sunan Dahhak. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da 21 ga Maris a matsayin ranar Nauruz ta duniya. A Oktoban 1971 kuma Shah Muhammad Riza Fahlawi ya kafa tantuna a gindin Takhti Jamshid ya tara sarakuna da shugabannin duniya don bikin cika shekara 2500 na sarautar Farisa. A Janairun 1979 ya bar ƙasar bai sake komawa ba. Mutanen da suka tashi da Shahnama a kunne ba su buƙaci a nuna musu kamar ba.

Saura warar. Firdausi bai ambace ta ba sam, labarinsa ya ƙare a kan zarto. Amma littattafan Fahlawi, waɗanda su ne suka fi tsananta wa Jam tuhuma, su ne kuma suka riƙe ta, suka ɗauke ta daga farkon zamani suka kai ta ƙarshensa. A wurinsu hunturun da aka yi gargaɗinsa bai zo ba tukuna. Warar tana nan a Eranwej, wato Airyana Waeja, ƙarƙashin ƙasa, a rufe. Can gaba wani matsafi mai suna Malkus zai saukar da ruwa da ƙanƙara shekara uku a jere, mutane da dabbobi su ƙare sai 'yan kaɗan. Sannan a buɗe ƙofar ginin da Jam ya kwaɓa da duddugensa, mutane da garkuna su fito su sake cika duniya.